Littafin aiki: kwashe ayyuka masu jan lokaci daga shafin makaranta zuwa bayan fage

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yau awo kawai aka yi, ba a taɓa kod ba. Manhajar ta wata sakandare ce mai zaman kanta a nan Maraɗi: ɗalibai 940, aji 18, kowane aji wajen mutum 52. Da Django 4.2 aka rubuta ta, bayanai suna cikin rumbun PostgreSQL, gunicorn na riƙe da ita da ma'aikata uku, wato shirye-shirye uku masu amsa buƙatun shafi, nginx kuma a bakin ƙofa yana karɓar buƙatun burauza yana miƙa musu. Duka a kan ƙaramar kwamfuta ɗaya da ke biron sakatare, mai Ubuntu 24.04, furosesa mai kai biyu da RAM giga 4.

Kukan da ake yi shi ne, in aka danna maɓallin fitar da takardun sakamako na aji guda, shafin sai ya yi ta juyi, can ya fito da lambar kuskure 502. Mun sa agogo. WeasyPrint na cin daƙiƙa 1.4 wajen haɗa PDF na ɗalibi ɗaya, aji guda ke nan daƙiƙa 73. Shi kuwa gunicorn, in ba a canza masa ba, daƙiƙa 30 yake ba ma'aikacinsa. Da ya wuce sai ya kashe shi, ya rubuta WORKER TIMEOUT a rajista, nginx ya ga an yanke masa magana a tsakiya ya miƙa wa burauza 502.

Abin da ya fi muni mun gan shi da ido da ƙarfe goma. Malam sakatare ya danna, shiru, ya sake dannawa, ya buɗe wani shafin ya ƙara. Danni uku, ma'aikata uku, kowa ya ɗauki aji ɗaya ɗin nan yana fama. A lokacin duk malamin da ke shigar da maki ta wayarsa a ɗakin malamai shi ma shafinsa ya daskare, don babu wanda ya rage da zai amsa masa.

An kawo shawarar a ƙara wa'adin zuwa minti biyar. Ba mu yarda ba. nginx ma yana da nasa wa'adin na daƙiƙa 60, sai an ɗaga shi. In an ɗaga duka biyun 502 zai ɓace, amma ma'aikacin yana nan a ɗaure har aikin ya ƙare, kuma makarantar duka in aka haɗa minti 22 ce. Saƙon waya zuwa ga iyaye ma haka yake: kowane ɗaya daƙiƙa biyu zuwa uku in rezo da kyau, fiye da ashirin in ya lalace.

Laraba, 9 ga Afrilu

Hanyoyi huɗu muka auna.

Mafi sauƙi ita ce a buɗe zare (thread), wato hanyar aiki ta gefe, a cikin shafin, a jefa aikin ciki, a amsa wa burauza nan take. Layi biyar ne na kod, amma zaren yana rayuwa ne a cikin ma'aikacin gunicorn. Duk lokacin da aka sake tayar da gunicorn, ko ya maye gurbin wannan ma'aikacin, aikin ya mutu ba wanda ya ji, ba kuma inda aka rubuta cewa an taɓa fara shi. An ajiye ta gefe.

Sai tebur a cikin PostgreSQL da wani shiri da ke zagayowa yana ɗiba. Tun sigar 9.5 akwai SKIP LOCKED, wanda ke barin ma'aikata da yawa su ɗiba daga tebur ɗaya ba tare da sun taka ƙafar juna ba. Hanya ce mai kyau ƙwarai ga makaranta irin wannan, sai dai sake gwaji, iyakar gudu da jadawali duk da hannu za mu rubuta su, ga zango na ƙarewa.

Sauran biyun, RQ da Celery, shirye-shiryen layin ayyuka ne da aka riga aka rubuta. RQ ƙarama ce, mai daɗin karatu. Celery ta fi ta nauyi da yawan saiti, amma tana zuwa da iyakar gudu, sake gwaji mai ƙara tazara, da beat mai tayar da aiki bisa jadawali. Celery 5.4 muka ɗauka. Tana buƙatar dillali, wato wanda ke karɓar saƙon aiki daga shafi ya riƙe har ma'aikaci ya zo ɗauka. RabbitMQ ko Redis. Saboda RAM ɗin ba yawa, kuma mun fi sabawa da ita, Redis.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: babu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An girka Redis, tana sauraro a 127.0.0.1 tashar 6379 kaɗai, ba a buɗe ta ga wifin makaranta ba. Celery ta tashi ƙarƙashin systemd, mai tayar da shirye-shirye a Linux, da Restart=always, wato in ta mutu a sake tayar da ita. Aikin gwaji ya wuce lafiya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sabon tsarin maɓallin. In an danna, shafi zai rubuta sahu ɗaya a teburin ayyuka: wane aji, wane zango, wa ya nema, da matsayi. Matsayin huɗu ne: jira, ana yi, an gama, ya faskara. Daga nan ya tura lambar sahun ga Celery, ya amsa da 202, wato an karɓa amma ba a gama ba. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. Burauza kuma tana tambaya duk bayan daƙiƙa uku, in ta ga an gama ta fito da mahaɗin saukewa.

Lamba kawai ake turawa a cikin saƙon aikin, ba makin ɗalibai ba. Celery da JSON take kunshe saƙo, abin Django ba ya shiga ciki haka nan. Ko da yana shiga, in malami ya gyara maki tsakanin danni da lokacin da aikin ya iso gaban layi, tsohon makin ne zai fito a takarda. Ma'aikaci ya je rumbu ya ɗauko da kansa.

Don maganin danni uku na malam sakatare, in akwai aikin aji ɗaya da zango ɗaya da yake jira ko ana yi, ba a buɗe sabo, sai a nuna masa wanda ke tafiya. Sakamakon da Celery ke ajiyewa a Redis na tsawon kwana ɗaya kuma mun kashe shi da ignore_result, tunda teburinmu ya ishe mu.

Laraba, 16 ga Afrilu

Cikin gwaji 30, huɗu sun faɗi da DoesNotExist: ma'aikaci ya ce babu sahu mai wannan lambar. A leƙa rumbu, ga sahun nan zaune. Rabin yini ya tafi a nan.

Ashe tsere ne. Manhajar tana da ATOMIC_REQUESTS a kunne, saboda haka duk abin da shafi ya rubuta ba ya bayyana ga kowa sai buƙatar ta kai ƙarshe an kulle rubutun. Mu kuwa muna kiran delay, umarnin tura aiki ga Celery, a tsakiya. Redis ba ta jira, ma'aikaci yana zaune ba aiki, sai ya fizgi saƙon ya isa rumbu kafin PostgreSQL ta kulle. In kwamfutar na cikin hidima ba a ganin matsalar, sai ta huta take fitowa, shi ya sa ta yi wuyar kamawa.

Gyara: a sa kiran a cikin transaction.on_commit, wato ya jira sai an kulle rubutun. Celery 5.4 tana da delay_on_commit da ke yin hakan kai tsaye, da shi muka maye gurbin delay ko'ina. Riba ta biyu ita ce in shafin ya faɗi rubutun ya warware, aikin ma ba zai tafi ba. Gwaji 200 bayan gyara, ko ɗaya bai faɗi ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gyaran shafin da ke nuna ci gaba. Ba wani abu.

Talata, 22 ga Afrilu

Abu biyu ƙanana, kowane ya ci sa'a guda.

An gyara kan takardar, an sake tayar da gunicorn, amma PDF na ta fitowa da tsohon kai. Ma'aikatan Celery suna loda kod ne sau ɗaya lokacin da suka tashi, ba ruwansu da gunicorn. Yanzu shirin da ke ɗora sabon kod yana tayar da su duka. A fayil ɗin systemd an sa KillMode=mixed don uban ma'aikatan kaɗai ya karɓi SIGTERM, ya bar ƴaƴansa su ƙarasa abin da ke hannunsu. systemd na jiran daƙiƙa 90 kafin ya kashe da ƙarfi, mun mayar 150.

Na biyu, sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da ɗan akwati a madadin harafin. Rubutun da aka zaɓa a samfurin takardar babu shi a uwar garken, kuma wanda ya maye gurbinsa ba shi da haruffanmu. An girka DejaVu Sans, an ambace shi da suna a CSS.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Gwajin makaranta duka na farko, kuma ya watse. Aji 18 aka tura, ma'aikata biyu na ɗiba. Kafin minti biyu kwamfutar ta yi nauyi har SSH ba ya amsawa, sannan rajistar Celery ta nuna WorkerLostError da sigina 9. dmesg ya faɗi sauran: RAM ta ƙare, Linux ya zaɓi wanda ya fi ci ya kashe.

Hotunan ɗalibai ne. Da waya aka ɗauke su, 4000 a 3000, fiksel miliyan 12. A faifai hoton bai wuce mega uku ko huɗu ba, amma kod ɗinmu yana buɗe shi da Pillow don ya miƙar da waɗanda aka ɗauka a karkace, kuma buɗaɗɗen hoto a Pillow baiti huɗu yake ci a kowane fiksel, mega 48 ke nan. Muna tara na aji duka kafin a fara haɗa PDF: 52 sau 48, kusan giga 2.5. Aji biyu a lokaci guda sun cinye kwamfutar. A da ba a taɓa isa nan ba saboda gunicorn na kashe aikin a daƙiƙa 30, wata cutar tana rufe wata.

Abin da ya fi damun mu shi ne azuzuwan da aka kashe sun tsaya a "ana yi" har abada. A saitinta na asali, Celery tana shaida wa dillali cewa ta karɓi aiki tun kafin ta fara shi, don haka in ma'aikaci ya mutu a tsakiya ba mai dawo da aikin layi.

Abin da aka canza. Ana rage hoto zuwa 300 a 400 tun ranar da aka ɗora shi, tsofaffin kuma an bi su sau ɗaya an rage. An daina aikin aji guda, yanzu aiki ɗaya ɗalibi ɗaya, wanda ya zo ƙarshe ya tayar da aikin haɗe su da pypdf. Don kada biyu su gama tare kowa ya ɗauka shi ne na ƙarshe, ana canza matsayin aji da UPDATE mai sharaɗi, wanda rumbu ya ce masa sahu ɗaya ya canza shi ke haɗawa. An kunna acks_late, wato kada a shaida wa dillali sai an gama aiki, da task_reject_on_worker_lost, domin acks_late shi kaɗai ba ya dawo da aikin da aka kashe ɗansa da sigina. Wannan na da nasa haɗarin: aikin da kullum yake cinye RAM zai yi ta dawowa yana kashe ma'aikaci ba iyaka. Saboda haka sahun na ƙirga gwaji, a na uku a rubuta ya faskara a bar shi. An sa kowane ɗan ma'aikaci ya sauka bayan aiki 40, ko in ya haura mega 400, sai dai Celery na duba wannan ne bayan aiki ya ƙare, ba a tsakiyarsa ba. Wa'adin kowace takarda daƙiƙa 60 na gargaɗi, 90 na kisa.

PDF ana rubuta shi da sunan wucin gadi, sai ya cika a canza masa suna da os.replace, don kada a taɓa sauke rabin fayil. Takarda ɗaya ta sauko daƙiƙa 0.9.

Talata, 29 ga Afrilu

Mai kula da ɗa'a ya tura wa wani uba saƙo cewa ɗansa bai zo lakol ba, saƙon bai fita ba sai bayan minti takwas. Muna gwajin takardu ne a lokacin, ya shiga bayan ayyuka ɗari tara a layi ɗaya.

An raba layi biyu. Na takardu da ma'aikata biyu, daidai da kan furosesa, tunda aikin lissafi ne. Na saƙo da ma'aikaci ɗaya, wanda yawancin lokacinsa jiran rezo ne. worker_prefetch_multiplier an sauke shi daga 4 zuwa 1, kada ma'aikaci ya rungume ayyuka yana zaune a kansu. Kamfanin aika saƙon waya da muke bi ta wajensa yana mayar da 429, wato buƙatu sun yi yawa, in an matsa masa, don haka an sa rate_limit na 30 a minti. A tuna: wannan iyakar ta kowane ma'aikacin Celery da aka tayar ce, ba ta tsarin duka ba. Ranar da aka ƙara na biyu a layin saƙo, gudun zai ninka.

Juma'a, 2 ga Mayu

Wannan ba laifin layi ba ne, amma layi ne ya sa ba a gani da wuri ba, don aiki na tafiya a ɓoye. Saƙon gwaji 50 muka aika, aka cire mana kuɗin 150.

Saƙon waya ɗaya na ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Harafi ɗaya tak da ba ya ciki ya isa ya juyar da saƙon duka zuwa UCS-2, inda iyakar 70 ce, in kuma ya wuce a yanka shi gunduwa-gunduwa na 67. Su ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa cikin jerin. Saƙonmu harafi 148 ne: guda ɗaya a waccan hanyar, uku a wannan. A sefa 20 da ake caje mu kan kowane, iyaye 940 ya kamata su ci 18,800, da an tafi a haka 56,400 za a biya. Na Faransanci ma bai tsira ba: é da è da à suna ciki, amma ô da ê da ƙaramin ç babu, haka ma lanƙwasasshen waƙafin sama da Word ke sakawa in an kwafo rubutu daga can.

Yanzu kafin saƙo ya shiga layi ana mayar da masu ƙugiya zuwa k, d, b da 'y, a saƙon waya kaɗai, takarda na nan da haruffanta. Ba mu so haka ba, kuma akwai kalmomin da ke rikicewa, baki da baƙi misali, sai a sake jimlar. Shafin kuma yana nuna adadin gunduwa da jimillar kuɗi kafin a tabbatar. Asarar gwaji: sefa 2,000.

Talata, 6 ga Mayu

Rana mafi muni zuwa yanzu. Da ƙarfe biyu da rabi na rana aka tura sanarwar taron iyayen ɗalibai, saƙo 940 na gaske. An kai wajen rabi kuran ya ɗauke. Na'urar riƙe wuta ta yi ƙara na kamar daƙiƙa 40 ta mutu, kwamfutar ta bi ta. Wuta ta dawo bayan la'asar, ba kowa a biro. Kwamfutar ta tashi da kanta kamar yadda aka saita ta, systemd ya tayar da Redis da Celery, aiki ya ci gaba. Har nan komai daidai da yadda aka tsara. Sai dai iyaye 112 saƙo biyu suka samu.

Dalili: Redis a cikin RAM take riƙe layi, lokaci-lokaci take ɗaukar hotonsa ta ajiye a faifai. A saitin asali na Redis 7, in canji bai kai dubu goma cikin minti ɗaya ba, sai bayan minti biyar take ajiyewa. Da ta tashi sai ta loda hoton ƙarshe, wanda aka ɗauka kusan minti huɗu kafin ɗaukewar wutar. Duk saƙon da aka aika cikin waɗannan mintunan yana nan a hoton kamar ba a taɓa shi ba. 30 a minti, kusan minti huɗu, ga 112 ɗin. Mun yi ta tsoron kada layi ya ɓace, ashe dawowar abin da aka gama ne zai fara cizon mu. Da wutar ta ɗauke jim kaɗan bayan turawa, kafin a ɗauki hoto, da akasin haka ne zai faru: layin duka ya tafi.

An kunna appendonly da appendfsync everysec, yanzu abin da za a iya rasawa bai wuce na kamar daƙiƙa ɗaya ba. Amma daƙiƙa ɗaya ma tana iya ɗauke da saƙo, kuma acks_late da kansa yana nufin aiki na iya zuwa sau biyu. Takarda in an sake ta ba asara, sabuwa ta hau kan tsohuwa. Saƙo kuwa in ya fita ya fita.

Saboda haka kowane saƙo yanzu yana da sahunsa, da ƙa'idar rumbu da ta hana sahu biyu masu ɗalibi ɗaya da sanarwa ɗaya. Ma'aikaci zai fara ƙoƙarin juya sahun daga "jira" zuwa "ana aikawa". In rumbu ya ce ba abin da ya canza, wani ya riga shi, sai ya koma ba tare da ya aika ba. In ya canza, ya aika, ya rubuta "an aika" tare da lambar da kamfanin ya bayar. Rami ɗaya ya rage da ba ya toshuwa daga ɓangarenmu: wuta ta ɗauke bayan kamfani ya karɓa, kafin mu rubuta. Irin wannan sahun zai tsaya a "ana aikawa", kuma mun yanke cewa na'ura ba za ta sake aika shi da kanta ba. Zai fito a shafin sakatare, mutum ya duba rahoton kamfanin ya yanke hukunci. Da ma'aikaci ɗaya, sahu ɗaya ne kawai zai iya maƙalewa a kowace ɗaukewa.

Asara: sefa 2,240.

Laraba, 7 ga Mayu

Da safe wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu ya shigo biro da wayarsa a hannu, ya ce wa sakatare: "Mushe, taro biyu ne za a yi, ko kuwa yaron wani abu ya yi?" An ba shi haƙuri. Mutum shida suka kira da irin tambayar.

An buɗe na'urar riƙe wutar: batirin 12V 7Ah ya kumbura. Zafin Afrilu da Mayu, sama da digiri 40 a ɗakin da ba iska, yana saurin kashe irin wannan batirin. Sabo sefa 12,000, fanka ƙarama 6,500, an kuma hure ƙurar da ta toshe kwamfutar. An haɗa na'urar da USB, an girka NUT don kwamfutar ta kashe kanta cikin tsari in batir ya kusa ƙarewa.

Talata, 13 ga Mayu

Layin saƙo ya tsaya cik tun daren jiya, saƙo 37 na jira, ma'aikaci kuma systemd na cewa yana raye. Yana raye ɗin, amma a sandare. Rezo ya yanke ana tsakiyar kira, kuma requests ba shi da wa'adi in ba kai ka ba shi ba, zai iya jira har gobe. Layin takardu muka sa wa wa'adi, muka manta da wannan.

An sa daƙiƙa 5 na haɗuwa, 20 na jiran amsa. Bambancin biyun yana da muhimmanci. In haɗuwar ce ta faskara, ko aka samu 429, tabbas saƙo bai fita ba: sahun ya koma "jira", a sake bayan daƙiƙa 30, 60, 120, 240, 480, da ɗan bambanci da Celery ke sakawa don kada duka su dawo tare. In kuwa an haɗu amsa ce ba ta zo ba, mai yiwuwa ya fita, don haka ya tafi shafin sakatare.

Juma'a, 16 ga Mayu

Shugaban makaranta ya nemi a riƙa tsara saƙo da yamma ya fita da safe, kada a tashi mutane da dare. Mun yi ta hanya mafi kusa, eta, wato a gaya wa Celery lokacin da aiki zai tashi. Jiya ƙarfe shida na yamma aka tsara saƙo 60 su fita bakwai na safe. Sun fita, kowa ɗaya ya samu. Amma rajista ta nuna sama da sau 700 da ma'aikaci ya ce "an riga an aika, na koma".

Da Redis a matsayin dillali, aikin da ma'aikaci ya ɗauka bai shaida kammalawa ba cikin visibility_timeout, wanda asalinsa sa'a ɗaya ce, ana ɗaukar cewa ya ɓace a sake miƙa shi. Aikin da ke jiran lokacinsa yana zaune ne a hannun ma'aikaci ba a shaida shi ba. Sa'a 13, kwafi wajen 13 na kowane. Da ba don ƙa'idar ranar 6 ga wata ba, da iyaye 60 sun tashi da saƙo goma sha uku-uku, mu kuma da kuɗin saƙo kusan 780.

Ana iya ɗaga wa'adin ya wuce sa'a 13, amma sai aikin da ya mutu da gaske shi ma ya yi wannan jiran kafin ya dawo. An cire eta. Sahun saƙo ya samu gurbin lokacin aikawa, beat na dubawa kowane minti yana tura waɗanda lokacinsu ya yi. beat ɗaya tak ake tayarwa, biyu in suka tashi komai sau biyu zai tafi.

Talata, 20 ga Mayu

Sharar tsofaffin PDF da aka sa ƙarfe ɗaya na dare tana tashi ƙarfe biyu. Celery na bin UTC, mu muna gaba da sa'a ɗaya. An sa Africa/Niamey.

Talata, 27 ga Mayu

An ƙara mai shara: duk minti biyar yana neman sahun da ya wuce minti 45 a "jira" alhali lokacinsa ya yi, ko takardar da ta wuce minti biyar a "ana yi", ya sake tura lambarsu. In ashe suna cikin layi, ƙa'idar nan ta hana maimaici. Da wannan, ko Redis ta tashi wayam babu abin da ya ɓace.

An gwada da gangan, da lambobin ƙarya da kamfanin ƙarya da muka rubuta: sau biyar aka zare wayar wuta daga bayan kwamfutar ana tsakiyar aiki, sau ɗaya aka share Redis gaba ɗaya da FLUSHALL. Takardu 940 sun cika kowane karo. Saƙo ba wanda ya fita sau biyu, uku sun maƙale a "ana aikawa" kamar yadda aka zata. Aibu ɗaya: bayan share Redis sai da aka jira minti 45 ɗin nan kafin komai ya motsa. Za a sa mai sharar ya duba tsawon layi da LLEN, in ya ga babu komai ga kuma sahu na jira, ya tura nan take.

Litinin, 2 ga Yuni

Gwajin ƙarshe da bayanan gaske, malamai huɗu na shigar da maki a lokaci guda. Takardun makaranta duka minti 8 da daƙiƙa 10. Shafin malamai ya ɗan yi nauyi, tunda kai biyun furosesa duka a cike suke, amma bai wuce daƙiƙa biyu ba. An sa Nice=10 a ma'aikatan takardu don gunicorn ya riƙa samun fifiko. RAM ba ta haura giga 1.6 ba. Saƙo 940 za su ɗauki kusan minti 32, ba a aika ba tukuna, sai an rufe maki.

Kuɗi zuwa yau: batir 12,000, fanka 6,500, saƙon gwaji 3,000, sanarwar taro 18,800, maimaicin ranar ɗaukewar wuta 2,240. Jimilla sefa 42,540. Na sakamakon ƙarshen zango jika goma sha tara za a ware.

Bayan hutun Babbar Sallah, abu uku ne a gaba. A lambobin iyaye akwai 170 da suka maimaitu, wato uba ɗaya mai ƴaƴa biyu ko uku a makarantar. Sanarwar taro ya kamata ta bi lambar waya, ba ɗalibi ba, wanda zai rage sefa 3,400 a kowace sanarwa, sai dai dole a fara daidaita rubutun lambobin, wasu da +227, wasu lamba takwas tsura, wasu da tazara a tsakani. Sannan babu abin da ke sanar da mu in ma'aikaci ko beat ya sandare, ranar 13 ga Mayu sakatare ne ya lura. Shirin shi ne beat ya riƙa tura ƙaramin aiki a kowane layi duk minti biyar yana rubuta lokaci, cron kuma, mai jadawalin Linux wanda ba ruwansa da Celery, ya duba ya aiko mana saƙo in lokacin ya tsufa da minti 15. Na uku, kwafin PostgreSQL na dare har yanzu a faifan kwamfutar yake kwana, ana neman faifan waje da za a riƙa ajiyewa a biron shugaban makaranta.